Sabitu Mai Gurmi da Saniyar Yero

Duk wanda ya saurari rediyo a ƙasar nan daga 1962 zuwa yau ya san waƙar Zinariya. Direbobi na rera ta a hanya, mata na daka da ita. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mai waƙar ya yi kusan shekara huɗu bai rera ta a gaban kowa ba, ko a biki ko a kasuwa, kuma saniya ce dalili.

Sunansa Sabitu, mutumin Rawayau ne ta ƙasar Kurfi. Ya ce an haife shi shekarar da fara ta cinye gero, ke nan yanzu yana neman shekara arba'in. Dogo ne siriri mai wushirya, ba ya ɗaga murya in yana magana. Ranar kasuwar Kurfi ana samunsa a rumfar 'yan hatsi yana awo, gurminsa na rataye a jikin dirka cikin jakar fata.

Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifinsa, Malam Sodangi, fataucin hatsi yake yi da jakuna tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Sabitu ya koyi gurmi ne wurin wani wanzami, Ya'u, wanda yakan taɓa kiɗa in babu mai aski. Da labari ya kai kunnen Malam Sodangi bai hana ba, sharaɗi ɗaya ya kafa: kada ɗansa ya tsaya gaban wani mutum yana yabonsa don a ba shi. Wannan ya sa har yau Sabitu ba shi da waƙar sarki ko ta attajiri ko guda. Waƙoƙinsa duk na kewa ne da bege, na wanda ya tafi cin rani bai aiko ba, na budurwar da aka bari a bakin rijiya.

Salon da aka san shi da shi, a tashar Dutsin-Ma ya samo shi cikin 1953. Akwai wani direban motar gyaɗa, Labaran, da ya taɓa zama Ikko ya dawo da garmaho da faya-fayai goma sha ɗaya na baƙaƙen fatar Amurka. In ana lodi sai ya ɗora garmahon a kan buhu ya murɗa. Sabitu yakan ɗaure jakuna ya tsuguna ya saurara. Ba ya jin ko kalma ɗaya. Labaran ma ba ya ji, amma wannan bai hana shi fassara ba, kuma kowane faifai aka sa fassararsa ɗaya ce: matar mutumin ce ta yi yaji. Abin da Sabitu ya ɗauka shi ne tafiyar waƙar. Ya lura mawaƙan ba sa gudu su cim ma kiɗa, kiɗan ne ke jiransu, sai su ja murya kamar wanda ke son yin kuka amma yana jin kunyar mutane. Ya koma gida ya sassauta tsirkiyar gurminsa, ya rage sauri.

Da farko dariya aka yi masa. 'Yan kasuwa suka ce waƙarsa kamar ta mai ciwon haƙori. Ya'u wanzami ya ce ya sa wa gurmi zazzaɓi. Mata ne suka fara karɓa, su kuwa in sun karɓi waƙa an gama. Kafin shekara uku da wuya a ɗaura aure tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ba a aika masa da goro ba. A wani biki irin wannan ya ga Hawwa'u, wadda ya aura a 1956.

Wasan kwaikwayo kuwa a kalankuwa ya faro shi, bikin da samari ke yi bayan kaka, inda suke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da likitansu su kwaikwayi manya. Sabitu shi ne Baturen gona. Yakan kifa ƙwarya a ka, ya soke riga cikin wando, ya ɗauki igiya yana auna kunya yana girgiza kai. Dattawan Rawayau sun ce wata shekara Baturen gonan na gaske ya zo kallo, ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa.

Yero abokin Sabitu ne tun suna yara. Bafulatani ne, rugarsu na zama kusa da Ɗantutture da damina, bayan kaka kuma sukan zuba shanu a gonar Malam Sodangi don taki kafin su gangara kudu. Hausa ta fi zama a bakin Yero, ba ya Fillanci sai in da shanu yake magana. Bai taɓa kiran Sabitu da sunansa ba, Kaɗo yake ce masa, shi kuma Sabitu ya ce masa Ci-ka-ɓoye, don wai Bafulatani ba ya yarda a ga yana tauna. Amma a gidan Sabitu, Yero yakan ci tuwo har ya nemi ƙari.

A 1960 Hawwa'u ta haifi 'ya mace, Lauratu, bayan biyu da ba su zauna ba, nono kuma ya ƙi zuwa yadda ya kamata. Wata safiya sai ga Yero da jar karsana mai tsohon ciki. Ya shiga gidan ya kafa turke, ya ɗaure ta da hannunsa. Fulani na da sunansu na wannan al'ada, amma a ƙasar Kurfi saniyar amana ake cewa. Mutum yakan ba amininsa saniya ta zauna wurinsa har ta haihu sau uku. Nono na aminin ne, 'ya'yan ma nasa ne, sannan ya mayar da uwar, mai ita ya karɓi igiya da hannunsa. Mahaifiyar Yero, Gogo, ita ta zo washegari ta faɗi ka'ida: ba a dukanta, ba a zaginta, ba a kai ta kasuwa ko don a ji abin da za a taya, kuma in ruwa ya yi ƙaranci ita ke fara sha. Hawwa'u ta sa mata suna Zinariya saboda launinta. Bayan kwana ashirin ta haihu, Lauratu ta rayu.

Da rani a 1962 aka fara gangamin allurar bushiya, ciwon da ke share garke cikin mako. Wasu ma'aikata suka zo Dutsin-Ma daga Kaduna don su ɗauki majigin da zai jawo hankalin masu shanu: Bature mai na'urar ɗaukar hoto, da tafintansa Malam Garba, da direba. Labarin na mutum biyu ne. Ɗaya ya kai shanunsa allura suka tsira, ɗayan mai taurin kai ya ɓoye saniyarsa ɗaya tilo a bayan gida har ciwo ya kashe ta. Da aka nemi wanda zai fito a mai taurin kai, kowa Sabitu ya nuna.

Kwana biyu aiki na tafiya daidai. A na uku aka zo wurin da saniya za ta kwanta kamar matacciya. Malam Garba ya zagaya rugagen da ba su tafi kudu ba yana neman aro. Babu wanda ya ce a'a. Wannan ya ce nasa sun yi nisa, wancan ya ce tasa tana harbi, wani ya ce sai ya tambayi yayansa. Sabitu ya ɗauka tsoron jangali, harajin shanu, ne ya sa suke ɓoye-ɓoye, bai tambayi kowa ba. Ya ce shi yana da saniya mai sanyin hali, ya tafi Rawayau ya koro Zinariya. Yero a lokacin yana can kudu da garke.

Aka ɗaure mata ƙafafu huɗu, aka kayar da ita, aka rufe igiyar da ciyawa, aka barbaɗa mata toka. Ta yi kusan awa guda a kwance cikin rana, don Baturen yana jiran haske ya yi masa daidai. An ce wa Sabitu ya durƙusa kusa da ita ya nuna baƙin ciki kawai. Shi kuwa da ya ga idonta yana binsa, sai ya jawo gurmi. Ya ce bai shirya waƙar ba, nan ta zo:

Tashi Zinariya, rana ta yi,
Garke ya wuce, ke ake jira.
Ga ƙwarya nan na wanke ta,
Wa zan miƙa wa in ba ki tashi ba?

Malam Garba ya sa aka ɗauki muryar. Da aka gama aka kwance saniyar, ta miƙe ta girgiza jiki, ta ci dusa. Sabitu ya kora ta gida yana murna.

Bayan kaka motar majigi ta iso Kurfi. Aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba. Mutane sun yi dariya da suka ga Sabitu yana tura saniya bayan rumbu yana leƙe, da aka zo waƙar kuwa filin ya yi tsit. Yero na tsaye a baya, sanda a kafaɗa. Ya kalla har ƙarshe, ya tafi bai nemi kowa ba.

Da hantsi ya yi sallama a gidan Sabitu. Ya wuce kai tsaye wurin turke, ya tsuguna, ya bi ƙafafun saniyar ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Hawwa'u ta dama fura ta aje masa, ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Sannan ya juyo.

"Malam Sabitu, na ga majigi."

Sabitu ya ce tun da ya ji wannan sunan a bakin Yero ya san akwai magana. Ya shiga bayani: wasa ne, ba abin da ya same ta, ga ta nan ta fi da ƙiba, kuma majigin zai sa mutane su kai shanu allura.

"Na san wasa ne, ni ba yaro ba ne," in ji Yero. "Kai ka san wasa ne, Bature ya san wasa ne. Ita wa ya gaya mata? An ɗaure ta an kayar, wanda ke ba ta abinci ya zauna a kanta yana kukan mutuwa. Da sunanta, da bakinka. Ko tawa ta gado ba ni yi wa haka, balle ta amana. Ba ka tambayi kanka mi ya sa duk Fulanin ƙasar nan suka hana tasu ba?"

Kunya ta sa Sabitu ya ce to ya kwance ta ya tafi da ita in ya ga dama. Hawwa'u ta ce ita a ganinta wannan maganar ta fi laifin farko muni.

"Ba a kwance ta sai ta cika uku," in ji Yero. "Ba ni ɓata al'ada don wani ya ɓata. Ranar da ta cika ka kawo ta, na ga wanda zan sa ya karɓa."

Wanda ya san al'adar ya san nauyin wannan. In mai saniya ya wakilta wani ya karɓi igiya, ba a yi faɗa ba, ba a kai ƙara ba, amma amincin ya ƙare ke nan, kuma kowa zai sani.

Cikin watannin nan gidan rediyo ya fara sa waƙar, ta bazu har inda Sabitu bai taɓa zuwa ba. Shi kuwa ya rufe bakinsa a kanta. A wani biki a Dutsin-Ma wani falke ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa masa don ya rera ta sau ɗaya. Sabitu ya ninke rigar ya mayar, ya ce a zaɓi wata. Aka fara cewa ya yi suna ya yi girman kai. Goron gayyata ya ragu, don wanda ya kira mawaƙi yana so ya ji waƙar da ya sani.

A 1963 Malam Garba ya rubuto cewa ana kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta rediyo a Kaduna, ana son mai waƙa wanda kuma ya iya wasa, har da ɗakin zama. Hawwa'u ta ce ya tafi, ita za ta kula da saniya, ai dama ita ke tatsa. Sabitu ya je wurin Gogo ya tambaye ta ko hakan ya halatta. Tsohuwar ta ce ita ba ta hana kowa neman abincinsa, amma amana hannu ake ba, ba gida ba. Ya dawo ya sa malamin makaranta ya rubuta amsa cewa yana da uzuri. Wasiƙa ta biyu ta zo bayan shekara, ya ba da amsa iri ɗaya. Ta uku ba ta zo ba. Wani mutumin Zariya aka ɗauka.

A tsawon wannan lokaci ya yi wa Zinariya rumfa. Yakan tanadi harawa tun kaka, ya sayo kanwa, in masu allura sun zo ita ce farkon layi. Yero bai daina kawo shanu gonar ba. Yakan gaida Sabitu gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi Lauratu, ya ce Malam Sabitu. Bai sake cin ko loma a gidan ba.

Zinariya ta haihu na biyu a 1963, na uku a ƙarshen 1965. Da aka yaye maraƙin, farkon damina ta 1966, Sabitu ya tufka sabuwar igiya ta rama, ya ƙulla kanwa da goro, ya kora ta a ƙafa zuwa Ɗantutture. Ya tsaya a bakin ruga ya yi sallama. Ƙanen Yero ne, Manu, ya fito. Ya ce yaya ya fita da shanu, ya bar saƙo a karɓa. Ya miƙo hannu, Sabitu ya ba shi igiyar. Hawwa'u ta ce da ya dawo ya rataye gurmi, ya zauna a rumfar da babu saniya, tuwon ranar sai kaji ta ba.

A kwana na huɗu, bayan azahar, Yero ya yi sallama. Bai zauna ba. Ya ce saniyar ba ta cin abinci. Ya duba bakinta, ya duba kofato, ya duba kashinta, ba ciwo ba ne. Da safe takan ɗan taɓa ciyawa, amma da la'asar ta yi sai ta ware daga garke ta tsaya tana fuskantar hanyar Rawayau, ko kanwa ba ta lasa.

"Mi kake ba ta da la'asar?" ya tambaya.

Sabitu ya ce ba komai, abin da kowa ke ba saniya ne. Hawwa'u ce ta amsa daga bayan zana.

"Ka faɗa masa gaskiya mana, Malam. Yero, tun ranar da ka bar mini fura a nan, kullum in ya sallame la'asar sai ya ɗauki gurmi ya zauna gindin turke. Waƙar nan da ya hana duniya, ita yake yi wa. Ko ruwa ake yi. Har na ce ko ni ban samu haka ba."

Yero ya dubi Sabitu. Sabitu ya dubi ƙasa.

"Ba yadda take a majigi ba," ya ce. "Na sake waƙar. Ai kai ka ce ba wanda ya gaya mata wasa ne. Shi ne nake gaya mata."

Yero ya ce yana so ya ji yadda aka sake ta. Sabitu ya sauko da gurmin, ya rera a hankali:

Wasa ne Zinariya, kin tashi,
Ni na ɗaure, ni na yi wauta.
Ga Lauratu nan tana gudu,
Nononki ne a ƙafafunta.

Yero ya daɗe yana kallon turken da ya kafa shekara shida da suka wuce.

"Kaɗo," ya ce, "kai dai Allah bai ba ka hankali ba. Shekara huɗu kana ba saniya haƙuri, mai saniya na nan ba ka zo ba." Ya jingine sandarsa. "Hawwa'u, furar nan da na bari tana nan?"

"Ta shekara huɗu? Ai ta yi tsami."

"Kawo ta haka nan."

Ya sha, sannan suka kama hanyar Ɗantutture tare, suka isa la'asar sakaliya. Manu, wanda ya ba ni wannan ɓangaren, ya ce saniyar na tsaye inda ta saba tsayawa. Sabitu ya zauna a ƙasa ya fara kiɗa, kafin ya kai baiti na biyu ta sunkuyar da kai ta fara ci. Da ta ƙoshi Yero ya aiki Manu ya ɗauko igiyar ramar. Ya sa mata a wuya, ya damƙa wa Sabitu, ya ja da baya taku uku, ya ce a yi sallama. Sabitu ya yi sallama. Yero ya amsa, ya matso, ya karɓi igiyar da hannunsa a gaban Gogo da mutanen ruga.

Yanzu Sabitu ya koma rera waƙar a biki, da yardar Yero, amma ba ya tsayawa a baitin majigi sai ya haɗa da na biyun. Rediyo har yau tsohuwar take sawa. Kaduna ba ta sake rubutowa ba, shi ma bai nema ba. Ya fito a wasanni biyu da hukumar En'e ta shirya kan takin zamani da tsabtar rijiya, a duka biyun shi ne mai taurin kai, kuma ya kafa sharaɗin kada a sa dabba. 'Ya'yan Zinariya uku suna gidansa, babbar ta haihu. Lauratu tana aji biyu.

Zinariya ta tsufa, ta sake haihuwa sau ɗaya a garken Yero. A hankali ta saba da cin abinci ba kiɗa, amma in rugar na kusa Sabitu yakan je duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da gurmi a kafaɗa. Na tambayi Yero ko a saninsa na makiyayi saniya tana jin waƙa. Ya ce wannan bai sani ba, shi dai ya ga ta ci.